Kwalin Kawu

Duk wanda ya taɓa aika kaya tsallaken iyaka ta hannun Mai Sikeli ya san dokarta, kuma yawanci sai ya sha haushinta kafin ya saba. Ka zo da kwalinka ka ɗaure shi tamau, ka rubuta sunan mai karɓa da kyakkyawan rubutu, ita ko kallon rubutun ba za ta yi ba. Wuƙa za ta ɗauka ta farke shi a gabanka, ta zazzage komai a kan tebur, har ɗan kamfai in akwai, mutanen kan benci suna miƙa wuya. Sai ta ga komai da idonta sannan ta mayar, ta rufe da nata salatif, wani kore shar da ba mai irinsa a duk layin, ta ɗora a sikeli.

Mutane suna jure wannan tonon silili ne saboda arha da cika alkawari. Manyan kamfanoni kowane ƙunshi da takardarsa da cajinsa, ka aika wa ɗanka takalmi kuɗin aike ya fi na takalmin. Ita kuwa tara kayan jama'a take yi ta cika mota guda, Litinin da Alhamis, a tashi ƙarfe tara na safe, a tsallake iyaka da la'asar, washegari kafin hantsi kowa ya karɓi nasa a ƙasar maƙwabta. Duk kayan nan takarda ɗaya ke ɗauke da su, kuma sunan direba ne a kanta. Shi yake sa hannu a ƙasa cewa ya san abin da ya ɗauko. Direban kuwa ƙaninta ne, Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ta goya a bayanta tana 'yar shekara goma sha biyu. Yanzu ya zama magidanci mai gemu, matarsa na da tsohon ciki, amma a wurinta har gobe Auta ne.

Shi ya sa in wani ya fara mita a kan an yaga masa kwali, amsarta ɗaya ce.

“Kai kwalinka kake tausayi, ni wuyan ƙanena nake tausayi. In ba ka so, ga hanya nan, kamfani bai rufe ba.”

Shekara goma sha ɗaya tana haka. Ta buɗe kayan malamai, ta buɗe na masu kaki, ta taɓa buɗe na aminiyarta suka yi wata uku ba sa ga maciji. Ba ta taɓa nadama ba.

Ranar Alhamis ɗin da nake ba ku labari, shagon a cike yake. Saura rabin awa mota ta tashi, Auta yana waje yana jera kwalaye yana waƙar da shi kaɗai ya san farkonta. Sai ga Kawu ya yi sallama, rungume da kwali.

Kawun mijinta ne. Shi ya ɗauki mijin nata tun yana maraya ɗan shekara shida, ya sa shi makaranta, ya koya masa gyaran fanka da injin wanki, shi ya tsaya masa a aure. Dattijo ne mai fara'a da ƙamshin turare, irin wanda in ya shigo wuri samari ke rige-rigen ba shi kujera. Ba wanda ya san takamaiman sana'arsa tun da ya rufe shagon kayan gyara, kuma ba wanda ya ga ya kai ya tambaya. Mai Sikeli ta fito daga bayan tebur ta rusuna.

“Kawu, da kanka? Ai da ka aiko na zo na ɗauka.”

“Haba 'yata, ke da aiki ya sha miki kai. Ɗan saƙo ne na ƙanwarku da ke aure a can. Ki sa mini a ta yau.”

Ta karɓi kwalin ta aza a tebur. An naɗe shi da salatif ruwan ƙasa ta kowace kusurwa, ba ko inda allura za ta shiga. Hannunta da kansa ya kai ga wuƙa, don sabo. Sai ta ji tafin Kawu ya sauka a saman kwalin, a hankali, kamar mai shafa kan jika.

“Kayan mata ne, uwarta ta shirya mata. Tufafi da 'yan abubuwan da ni kaina ban leƙa ba.” Ya yi murmushi, ya dubi mutanen kan benci, ya sassauta murya amma yadda kowa zai ji. “A gaban jama'a za ki baje kayan 'yata? Ko ni ma sai an caje ni?”

Wata tsohuwa a benci ta ce, “A'a, ina! Babba guda.” Wasu suka yi dariya.

Za ta iya cewa su shiga sito ta buɗe daga ita sai shi. Kalmomin sun zo mata har bakin harshe. Amma ta dubi furfurar gemunsa, ta tuna a gidansa aka sauke ta ranar da aka kawo ta, ta hango yadda maganar za ta kai kunnen mijinta kafin azahar. Kunya ta yi mata nauyi, ta ajiye wuƙar. Da iyakar abin ke nan ma da sauƙi. Amma kwali ba ya shiga motarta ba tare da koren salatif ba, haka tsarin yake, don haka ta jawo shi ta zagaye kwalin sau biyu a kan na Kawu, ta danne da babban yatsa. Ta shaida abin da ba ta gani ba.

Da ta ɗaga shi zuwa sikeli ne ta fara jin akwai abin da ba daidai ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, haka ma hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana ɗaga kwali. Tufafi ba su da murya, in ka jijjiga su lumus suke. Wannan kuwa ya yi wani ƙas-ƙas siriri daga ciki, sau ɗaya, ya yi shiru. Ta ɗago ido, Kawu yana kallonta, murmushin na nan inda yake.

A takarda ta rubuta: tufafi da kayan mata, kilo tara. Kawu ya karanto mata lambar wayar mai karɓa daga wata 'yar takarda, ya sa mata albarka, ya fita. Ƙamshin turarensa ya daɗe a shagon.

Auta ya shigo yana share gumi, ya sungumi kwalin da hannu ɗaya.

“Na Kawu ne? To, wannan gaba zai zauna kusa da ni, manyan baƙi ba sa hawa baya.” Ya jawo takardar ya rattaba hannu ba tare da ya karanta layi ɗaya ba, kamar kullum. “Yaya, in matar nan ta fara ciwo ki kira ni, ko ina tsakiyar shingen binciken iyaka ne sai na juyo.”

“Tafi can, sarkin zumuɗi. Allah ya kiyaye hanya.”

“Amin. Me zan sayo miki?”

“Kanka kawai ka dawo mini da shi.”

Ya yi dariya, don a zatonsa wasa take.

Al'adarta ce bayan mota ta tashi ta bi lambobin masu karɓa ɗaya bayan ɗaya, ta sanar da kowa lokacin da zai je ya ɗauki kayansa. Ranar ta yi ta tsallake lamba ɗaya. Ta kira mai jiran littattafai, ta kira mai jiran injin ɗinki, ta kira wata da ta riƙe ta minti goma tana ba ta labarin ciwon ƙafa. Sai bayan azahar, da ba sauran wanda za ta laɓe bayansa, ta danna lambar da Kawu ya bayar.

Namiji ne ya ɗauka. Bai yi sallama ba.

“Daga wurin aika kaya ne,” in ji ta. “Akwai saƙon—”

“Mun sani. Mota fara, direba mai gemu. Ya wuce gada?”

Ba ta gaya wa kowa launin mota ba. Ta ce, “Da wa nake magana? Ina matar gidan?”

Aka kashe wayar.

Ta zauna tana kallon sikeli, allurarsa a kan sifili. Sannan ta lalubo lambar 'yar Kawu ta ainihi, wadda suke gaisawa da ita jefi-jefi. Suka yi doguwar gaisuwa, ya yara, ya maigida, sannan Mai Sikeli ta shiga zancen.

“Saƙonki na hanya, gobe da safe in Allah ya so.”

“Wane saƙo, Anti?”

“Wanda Mama ta haɗa miki. Tufafi.”

“Mama? Ai Mama tana nan wurina, wata biyu ke nan. Ga ta ma, ko in ba ta?”

Mai Sikeli ta ce a'a, wataƙila ita ce ta rikita sunaye, aiki ya yi yawa. Ta kira Kawu, waya a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta kira mijinta ta fara yi masa bayani, tun kafin ta kai tsakiya ya katse ta da muryar nan tasa mai sanyi da ke ba ta haushi in tana cikin tashin hankali.

“Kawu ne fa. Ki iya bakinki, don Allah. Mutumin da ya rene ni ne za ki zarga a kan ƙarar kwali?”

Ta duba agogon bango, huɗu saura kwata. Ta kira Auta.

“Yaya! Ta fara ne?”

“A'a. Kana ina?”

“Na shigo shinge. Mota uku ce gabana.”

Ta san wurin, ta taɓa bin motar sau da yawa. In ka shiga shingen nan ba juyawa, katanga ce dama da hagu, mota gaba mota baya, jami'ai suna zagayawa a ƙasa. Wanda ya buɗe ƙofa ya jefar da ko ledar ruwa ce, sai an tambaye shi dalili.

“Auta, kwalin nan na Kawu—”

“Ga shi nan a gefena, lafiyarsa ƙalau. Kin san me? Yau baƙin fuska ne a wurin, an kawo sababbi daga sama, har da kare. Motar da ke gaba sun sauke ta kaf, har kujeru suke ƙwanƙwasawa. Wayyo, bawan Allah, sun zaunar da shi a ƙasa.” Ya yi ƙasa da murya. “Ga ɗaya nan tafe. Me za ki ce a kan kwalin?”

Me za ta ce? In ta gaya masa, fuskarsa za ta tona shi, don Auta tun yana yaro bai iya ɓoye ko satar sukari ba. In ta yi shiru, ta bar shi ya shiga da ƙafarsa. Ta ji wata murya daga can tana cewa a kashe waya.

“Ba komai,” in ji ta. “Ka yi addu'a.”

Layin ya mutu.

Abin da ya biyo baya awa ɗaya ne da minti goma, amma ita ta san tsawonsa. Wani ya kawo buhun takalma na motar Litinin, ta buɗe, ta duba, ta rufe, ba ta san me ta gani ba. Fanka tana juyawa tana ƙara. Kowace mota ta tsaya a ƙofar shago sai ta miƙe. Ta yi ta hango Auta zaune a ƙasa, hannu a baya, ana nuna masa sa hannunsa a takarda, yana cewa a kira yayarsa, ita ta san komai, ita ba ta taɓa rufe kwalin da ba ta gani ba. Ta hango matarsa da cikin nan. Tsoro ta sani a rayuwa, amma ba ta taɓa jin irin wanda ke haɗe da tsanar kai ba sai ranar.

Biyar saura minti biyar waya ta yi ƙara.

“Mun wuce!” Auta yana dariya, iska na kaɗawa a bayan muryarsa. “Yaya, ke fa babbar mace ce. Sababbin nan sun nufo ni da karensu, sai tsohon jami'in nan mai tabarau ya leƙo, ya ga koren salatif reras. Ya ce musu, ku bar wannan, kayan Mai Sikeli ne, matar da ko uwarta ta kawo kwali sai ta farke. Ku je ga na baya. Ko murfin baya ba su ɗaga ba. Gobe kowa zai samu kayansa a kan lokaci.”

Ta yi hamdala da baki. Amma da ta ajiye wayar ba sanyi ta ji ba. Sai yanzu ta gane abin da Kawu ya zo saye. Masu mota sun fi ashirin a layin nan, wasu ma ba sa tambayar komai. Ba mota ya zo nema ba, kuma ba arha ba. Shekara goma sha ɗayan nan ya zo ɗauka, ita kuwa ta naɗa masa da hannunta, har zagaye biyu.

Washegari da hantsi wakilinta na can, wani mutum mai ƙarancin magana da ke raba kayan, ya kira ta.

“Kwali mai lamba sha bakwai, mai kilo taran nan. Mutum biyu suka zo a babur tun kafin mu gama saukewa. Ba su nuna kati ba, kuma ban ga fuskar da zan tambaya ba. Wajen ɗaurawa gefe ya yage.” Ya rage murya. “Ƙwayoyi ne, sashe-sashe, ba suna ba kamfani. Irin waɗanda ake ɗaure mutum shekara ashirin a kansu. Ni ban ga komai ba. Amma ke ma ki san abin da kike ciki.”

Auta ya dawo ranar Asabar da tsarabar sabulu, ta karɓa ta yi godiya, ta kasa haɗa ido da shi. Sau uku ta ɗauki mayafi za ta tafi ofishin 'yan sanda, sau uku tana ajiyewa. Mijinta ya daina yi mata magana sai gaisuwa.

Litinin da sassafe, tana cikin buɗe ƙofar shago, wata mota ta tsaya. Kawu ya fito, aka sauke kwalaye uku a bakin ƙofa, duka da salatif ruwan ƙasa. A kan bencin waje kuwa Dogo yana zaune, wani direba da kamfaninsu ya rufe wata huɗu da suka wuce, uban 'ya'ya biyar. Kusan kullum sai ya zo ya zauna ko za a samu tafiyar da ba mai yi. Ya miƙe ya gaida Kawu da hannu biyu, har ya taya shigar da kwalayen sito.

Mai Sikeli ta tura ƙofar siton. Wannan karon ba ta rusuna ba.

“Kawu, na san abin da ke ciki. Ka kwashe kayanka.”

Ya zauna a kan wani buhu, ya gyara rigarsa, ba alamar fushi.

“Na ji saƙo ya isa lafiya, kuma a kan lokaci. Mutanen sun yaba ƙwarai. Ba irin mutanen da ake ce wa a'a ba ne, 'yata, ni kaina ban isa ba.”

“Zan kai ƙara.”

“Kai. Hanya a buɗe take.” Ya zaro wayarsa, ya shafa, ya juyo mata da fuskarta. Hoton takardar ranar Alhamis ne da mutanen can suka turo masa, tufafi da kayan mata, kilo tara, ga sa hannun Auta a ƙasa ɓaro-ɓaro. “Sai dai hukuma ba ta fara tambaya daga wanda ya kawo. Daga wanda ya sa hannu take farawa. Ni sunana yana ina a nan? In aka buɗe waɗannan ukun, an buɗe na Alhamis ke nan. Yaron kirki, ga iyali na jiran haihuwa.”

Ta dubi kwalayen. Kare ba kullum zai bi maganar tsoho mai tabarau ba. Yau ne, ko Alhamis, ko wata mai zuwa, ranar tana nan tafe, kuma duk wanda sunansa ke kan takarda a ranar shi ne zai zauna a ƙasa. Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe bayan rigarsa.

“Ƙarfe tara ko? Kada a makara, an san ki da cika lokaci.”

Bayan ya fita ta daɗe tsaye a siton. Sannan ta ɗauko koren salatif ta naɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta fito da su ta jera cikin na jama'a.

Auta ya iso takwas da kwata yana kaɗa makulli a yatsa. Ta tare shi tun a ƙofa.

“Ba ni makullin. Yau ba za ka je ba.”

“Kamar yaya? Me na yi?”

“Matarka yau ko gobe ce, kai kana can bayan iyaka? Koma gida ka zauna kusa da ita. Sai ta sauka, sai ta yi arba'in ma tukuna mu gani.”

Ya tsaya yana kallonta, sai idonsa ya kawo ruwa.

“Wallahi abin da ke raina ke nan tun jiya, na rasa yadda zan gaya miki. Allah ya bar mana ke, Yaya.” Ya danƙa mata makullin ya juya da sauri, kamar mai tsoron kada ta sake shawara.

Ta bi shi da ido har ya sha kwana. Sannan ta leƙa bencin waje.

“Dogo. Lasisinka da fasfo suna tare da kai?”

Mutumin ya miƙe zumbur har hularsa ta faɗi.

“Suna nan, ranki ya daɗe, kullum da su nake fitowa. Allah ya saka da alheri. Yau sai yara su yi murna. Wallahi jiya ƙaramar take tambayata yaushe zan koma aiki.”

Ta koma bayan tebur ta jawo takardar. A gurbin sunan direba ta rubuta nasa, harafi bayan harafi, biron yana ƙin ci sai da ta danna. Ta juya masa takardar.

“Ka karanta tukuna,” in ji ta.

“Haba dai! Kayanki ne za a tsaya karantawa? Duk layin nan wa bai san ki ba?” Ya goge tafinsa a jikin wando ya karɓi biron. “A ina zan sa?”

Ta ɗora yatsa ta nuna masa wurin.